Shin Ɗan Shekara 16 Zai Iya Zaɓe a Najeriya? Ga Abin da Doka Ta Ce

Tun da gwamnatin Birtaniya ta sanar a watan Yulin 2025 cewa tana shirin ba 'yan shekara 16 damar jefa ƙuri'a, sai maganar ta faɗo mana nan, wasu na cewa ai mu ma ya kamata a rage, wasu kuma na cewa haba dai, yaran da ko sakandare ba su gama ba? To kafin a yi ta musu bari mu ga inda shekara 18 ɗin ta samo asali da kuma abin da sauya ta zai ci.

A tsarin mulkin 1999 take zaune, ba INEC ce ta ƙirƙiro ta ba. Sashe na 77(2) ya ce duk ɗan Najeriya da ya cika shekara 18 kuma yana zaune a ƙasar lokacin rajista yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe, sashe na 117(2) ya maimaita haka dan zaɓen majalisun jihohi. Dokar zaɓe ta 2022 a sashe na 12 ta ƙara sharuɗɗa, sai ka kasance kana zaune ko kana aiki ko kai ɗan asalin wurin da za ka yi rajistar ne, kuma sai ka je da ƙafarka, ba a aike.

Tunda a tsarin mulki take, gyara dokar zaɓe kaɗai ba zai isa ba, sai an bi sashe na 9: kashi biyu cikin uku na sanatoci, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Hanya ce mai tsawo amma an taɓa bin ta a kan maganar shekaru. Ranar 31 ga Mayu 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na sanata da gwamna kuwa aka bar su a 35. Wancan na masu neman kujera ne fa, bai taɓa shekarun mai jefa ƙuri'a ba, mutane na yawan haɗa biyun.

Akwai wani ruɗanin kuma. Za ka ji ana cewa ai yarinyar da ta yi aure doka ta ɗauke ta babba, dan haka za ta iya zaɓe ko shekararta 16. Daga sashe na 29(4) aka ɗauko wannan, wanda aka yi ta rigima a kansa a majalisar dattawa a 2013 lokacin da Sanata Ahmed Sani Yarima ya tsaya kai da fata kar a cire shi. Amma sashen yana magana ne kan wanda zai iya ajiye zamansa ɗan ƙasa, ba ruwansa da akwatin zaɓe. Indonesiya ce ke da irin wannan tsarin, can shekara 17 ko kuma in ka yi aure. A nan amarya 'yar 16 ba ta da kati a doka.

Ita 18 ɗin ma ba saukakkiya ba ce daga sama. A jamhuriya ta farko 21 ne, tsarin mulkin 1979 ne ya zo da 18, kuma matan Arewa ko nawa ne shekarunsu ba su samu ƙuri'a ba sai wajen 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Amurka ta sauko daga 21 zuwa 18 a 1971 lokacin yaƙin Vietnam, da hujjar cewa wanda ya isa a tura shi fagen daga ya isa ya zaɓi mai tura shi. Brazil ta ba 'yan 16 dama tun 1988, Austriya a 2007, Ajantina a 2012, Scotland ta gwada a ƙuri'ar raba gardama ta 2014. Maƙwabtanmu Kamaru kuma har yanzu 20 ne.

Masu son a rage suna da abin faɗa, kar a raina. Ɗan shekara 16 a Kantin Kwari ko Sabon Gari yana juya kuɗi, wani shi ke ciyar da uwarsa da ƙannensa, ƙarin kuɗin mai da rufe makarantu saboda 'yan bindiga shi suka fi taɓawa, amma ba shi da bakin magana. Wasu har addini suke kawowa, wai tunda ya balaga alƙalami ya hau kansa me zai hana shi zaɓe. Sai dai ko a mazhabar Malikiyya in alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance shekara 18 ake lissafawa, dan haka wannan hujjar ba ta yanke komai ba.

Ni dai inda nake tirjewa shi ne, ta yaya za a gane ɗan 16 ɗin? Ƙasashen da suka rage suna da rajistar haihuwa mai ƙarfi. Mu kuwa mutane da yawa musamman a karkara ba su da takardar haihuwa, sai dai a je kotu a yi rantsuwar shekaru a rubuta abin da aka ga dama. Kowa ya tuna bidiyoyin da suka yi ta yawo bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairun 2018, yara ƙanana suna dangwale, har INEC ta kafa kwamiti duk da cewa hukumar zaɓen jiha ce ta shirya zaɓen. A Nuwamban 2022 da aka baje rajistar masu zaɓe a intanet, mutane sun yi ta zaƙulo hotunan fuskokin da ko makaho ya shafa ya san ba su kai ba. BVAS kuma, na'urar tantance masu zaɓe a rumfa, yatsa da fuska take tantancewa, ba ta san shekarun kowa ba, in yaro ya shiga rajista na'urar za ta karɓe shi. In layin 18 ya bar 'yan 14 suna kutsowa, a mayar da shi 16 sai mu ga 'yan firamare.

Kuma wani abu da ba a cika magana a kai ba, a aikace shekarun zaɓenmu sun ma wuce 18. Doka ta ce ka cika 18 lokacin rajista, ba ranar zaɓe ba. INEC ta rufe rajista ranar 31 ga Yuli 2022, aka yi zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu 2023, kenan duk wanda ya cika 18 a watan Agusta ko Disamba yana ji yana gani aka yi ba shi, zai fara zaɓen shugaban ƙasa ne a 2027 yana da shekara 22. Waɗannan ba yara ba ne, doka ta yarda sun girma, kalanda ce ta cinye su.

Da za a tambaye ni da nan zan ce a fara: a bar ɗan 17 ya yi rajista in dai zai cika 18 kafin ranar zaɓe, a haɗa rajistar da lambar NIN da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Shi ma wataƙila sai an taɓa kalmomin sashe na 77 da 117, amma zai fi saurin samun jihohi 24 fiye da maganar 16. Ga kuma waɗanda ke da katin a aljihu, mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista a 2023, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan 18 zuwa 34 ne, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 na duka masu rajistar ba.