Mene Ne Fanorama a Harkar Ɗaukar Hoto?

Duk mai wayar zamani ya taɓa cin karo da kalmar a cikin kyamararsa, wani lokaci a taƙaice, Pano. Fanorama hoto ne mai faɗi sosai, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa aƙalla sau biyu, galibi ma sau uku. Irinsa ne ake gani a bangon otal ko ofis: gari guda, ko jerin duwatsu, a shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin ya girmi kyamara. Wani mai zane, Robert Barker, ya yi rajistar fasaharsa a Birtaniya a 1787: a zana birni a jikin bango mai zagaye, mai kallo ya tsaya a tsakiya ya juya. Da Edinburgh ya fara, a 1793 kuma ya buɗe gini na musamman domin wannan a Landan. Daga baya masu hoto suka gaji sunan, har aka ƙera kyamarori masu ɗaukar fim mai santimita 6 da 17.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne, wasu kan ɗauki hoto guda, su yanke sama da ƙasa, su ce ga fanorama. A fuskar waya ba laifi. Ranar da aka ce a buga shi mita ɗaya da rabi ne asiri ke tonuwa. Kyamara mai megafiksel 24, wato ƙananan ɗigo miliyan 24 da ke haɗuwa su zama hoto, tana ba da ɗigo 6,000 a faɗi, 4,000 a tsaye. Bugu mai kyau da za a kalla kusa-kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci, mita ɗaya da rabi kuwa inci 59 ne, wato ana neman ɗigo wajen 17,700. Hoto guda kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na wannan. Sai ka ga rufin kwano ya narke, ganyen bishiya ya koma dunƙule.

Shi ya sa ƙwararru suke ɗinki. Ana ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, a daidaita ta kada ta karkace, a juya ta a tsaye, sannan a ɗauki hotuna bakwai ko takwas daga hagu zuwa dama, kowanne ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Manhaja irin su Lightroom, PTGui ko Hugin (wannan ta ƙarshe kyauta ce) ita ke haɗa su, kamar yadda ake haɗa siraran saƙa gefe da gefe a fitar da gwado. Dole a kulle haske da saitin gani (wato nisan da hoto zai fito tangaran) tun daga hoton farko. In aka bar kyamara ta zaɓa da kanta, sararin sama zai fito da zane-zane, nan haske, can duhu. Abin da ke motsi kuma shi ne babban abokin gaba: ɗan acaɓa ya ratsa, ya fito sau biyu, saniya ta fito ba kai.

A ganina samun wurin da ya kai Filato dacewa da wannan aiki sai an tona. Jos kanta tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura mita 1,800. Daga sama, ido kan ɗauki gari da gonaki lokaci guda. Ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna, ga tsofaffin ramukan haƙar kuza na Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi waɗanda suka zama tafkuna, ga gonakin dankalin Turawa a Bokkos. Kyan irin waɗannan wurare a faɗinsu yake, hoto mai kusurwa huɗu daidai yana matse su.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana cinye duk abin da ke nesa, dutse ya koma inuwa. Ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ruwa ya wanke iska, ciyawa shar, musamman da sassafe ko bayan la'asar da rana ke bugowa daga gefe. In kuwa ƙauye za a ɗauka, a fara gaida mai unguwa, domin hoto mai faɗi haka ba ya rasa ƙofar gidan wani a ciki.

Pano na waya fa? Yana yi, in hoton bai wuce na Facebook ko ƙaramin firam ba. Sai dai kada a tura wa mai bugawa ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana matse shi ya zubar da ɗigon da aka sha wahalar tarawa; a tura a matsayin fayil, ko a kai a filasha. A kuma faɗa masa takardar hoto ko kanbas ake so, in ba haka ba zai iya bugawa a ledar da ake yin allon talla da ita, wadda don kallo daga tsallaken titi aka yi ta.