Ɗora Salon Zane a Kan Hoton 3D: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da ɗora salo?

Hoto biyu ake ba kwamfuta: na abin da kake son nunawa, misali ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da wani zane da ya burge ka. Sai ta bar ƙofar da siffarta, ta kwaso launi da irin yadda aka ja burushi a zanen ta shafa mata. Leon Gatys da abokan aikinsa na Jami'ar Tubingen a Jamus ne suka fito da dabarar a 2015. Manhajar Prisma ta kai ta wayoyin jama'a a 2016.

To ina wahalar in hoton 3D ne?

A nan gizo ke saƙar. Hoton kati fuska ɗaya gare shi, hoton 3D kuwa, kamar gini, zagaya shi ake yi. In aka yi wa kowace kusurwa ado ita kaɗai, da kyamara ta gusa sai launi ya hau rawa: shuɗin da ke saman taga ya zame gefe, layi ya ɓace ya sake ɓullowa. Kwamfutar ba ta san bango ɗaya take kallo ba.

Yaya aka shawo kan wannan?

Ana fara gina wurin daga hotunan da aka ɗauka ta kowane gefe. Wata dabarar kwamfuta mai suna NeRF, wadda ta fito a 2020, tana yin haka. A 2023 masu bincike na cibiyar Inria ta Faransa da abokansu suka kawo Gaussian Splatting, mai gina wuri da ɗimbin ɗigo masu launi, kuma ta fi sauri. Daga nan sai a kulle siffar, a sauya launi kawai, ado ya manne a wurinsa.

Za a iya ɗora adon bangon Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a kan sabon gini?

Launinsa dai kwamfuta za ta kwaikwaya. Amma magini da hannu yake tayar da dagi a jikin yaɓe, ya yi tudu da kwari. Inuwarsa da hantsi daban, da la'asar daban. Ɗora salo shafe ne kawai, inuwar da ya zana ba ta bin rana. Shi ya sa na fi damuwa da matasanmu su fara ɗaukar bangayen kansu a 3D, tun da kowace damina tana cin rabonta a ginin ƙasa.

Me zan tanada?

Waya ta isa ɗaukar hotuna. Ka nemi izinin mai gida, ka zagaya a hankali, kowane hoto ya haɗa da wani ɓangare na wanda ya gabace shi, cikin haske iri ɗaya. Sarrafawar ce ke son kwamfuta mai katin sarrafa hoto (GPU) mai ƙarfi. Manhajar Blender ta aikin 3D kuwa kyauta ce.