Abinci da ƙarfin ƙashi: ciwon zaizayar ƙashi

Zaizayar ƙashi, wanda likitoci ke kira ostiyoforosis, ciwo ne da ƙashi ke rasa ma'adinansa a hankali har cikinsa ya zama ramuka ramuka, ta yadda 'yar faɗuwa daga tsaye ko ma tari mai ƙarfi zai iya karya shi. Wuraren da suka fi karyewa sune ƙugu da ƙashin baya da wuyan hannu. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa ma'auni, in aka gwada kaurin ƙashi da na'urar hoton ƙashi ta DXA, makin T, wato makin da ke kwatanta ƙashin mutum da na matashi mai lafiya, ya fito -2.5 ko ƙasa da haka to ciwon ya tabbata. Kuma ana ƙiyasta mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 zasu samu karaya ta dalilinsa.

Abinda ya kamata a fara ganewa shine ƙashi rayayye ne, kullum akwai ƙwayoyin da ke rushe tsoho wasu na gina sabo. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake, ɗan ragowar na cikin jini da tsoka, amma wannan ɗan ragowar da shi zuciya ke bugawa jijiyoyi ke aiki, dan haka jiki baya taɓa bari ya yi ƙasa. In abinci bai kawo ba sai hormon ɗin faratayrod, wani sinadari da jiki ke fitarwa daga wuya, ya sa a ɗebo daga ƙashi. Kamar rumbu ne da ake ta ɗiba ba'a zubawa, gidan ba zai ji yunwa ba sai ranar da aka leƙa. Shi yasa mutum zai yi gwajin jini a ce kalsiyom ɗinsa daidai yake alhali ƙashin ya daɗe yana ƙarewa, kuma babu ciwo babu alama, wannan ne abin tsoron.

Ginin ƙashi na kaiwa ƙololuwa ne wajen shekara 30, daga nan sai raguwa. Mata kuwa da al'ada ta ɗauke isturojin, wato hormon ɗin mata mai kare ƙashi, ya sauka, raguwar na yin sauri sosai na wasu shekaru. To kaga aikin tun ƙuruciya yake, a ganina duk iyayen da ke kula da abincin 'yarsu mai shekara 12 sun yi mata abinda babu wata ƙwayar magani da zata yi mata a shekara 60.

Adadin da masana a Amurka suka tsayar: yara daga shekara 9 zuwa 18 miligiram 1,300 na kalsiyom a rana, manya 1,000, mata daga 51 da maza daga 71 kuma 1,200. Kofi ɗaya na madara na bada wajen 300. Yogot da cuku suma hakan, sai kifin gwangwani irin sardin wanda ake ci harda ƙayarsa dan a ƙayar kalsiyom ɗin yake, sannan wake da riɗi da koren ganye. Sai dai ganyen ba duka suke ɗaya ba, akwai masu yawan sinadarin okzalet wanda ke riƙe kalsiyom ya hana hanji tsotsa, irinsu wajen kashi 5 cikin 100 kawai jiki ke samu, madara kuwa wajen 30.

Kuma duk wannan in babu bitamin D kusan aikin banza ne, tunda shi ke sa hanji ya karɓi kalsiyom. Fata ce ke haɗa shi in hasken rana ya taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa sarrafa shi. A abinci kaɗan ne, kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai da madarar da aka ƙara mata shi. Ana son IU 600 a rana (IU shine ma'aunin da ake auna bitamin ɗin da shi), wanda ya wuce shekara 70 kuma 800. Furotin ma ana yawan mantawa da shi, alhali saƙar kolajin da ma'adinan ke zama a kanta furotin ce, tsofaffi da yawa basa cin isasshe.

Gishiri mai yawa na fitar da kalsiyom ta fitsari. Sigari da giya na raunana ƙashi, haka ramewar jiki sosai, haka daɗewa ana shan maganin rage kumburi irin prednisolone. Tafiya da hawa bene da ɗaga nauyi kuwa suna sa ƙashi ya ƙara gini.

Ƙwayoyin kalsiyom na da amfani ga wanda abinci bai ishe shi ba, amma jiki ya fi tsotsarsa in bai wuce wajen miligiram 500 a lokaci guda ba, sai a raba. Wani babban bincike kan mata a Amurka da ya fito a 2006 ya nuna masu shan kalsiyom da bitamin D sun ɗan fi samun tsakuwar ƙoda, dan haka kar a fara sai da shawarar likita. Wanda kuma ciwon ya riga ya kama abinci kaɗai ba zai wadatar ba, yana buƙatar magani irin alendronate wanda ke rage saurin rushewar ƙashin.