Ƙaramar kyamara mai araha da ɗaukar hoton fuska

Ƙaramar kyamara, wadda ake kira kyamarar aljihu, ita ce irin wadda gilashinta yake manne da jikinta, ba a cire shi a sauya wani, kuma ita ke daidaita haske da kanta, mai ita sai dai ya saita ya danna. Kamfanonin Japan ne suka fi shahara da ƙera ta: Canon da jerin IXUS da PowerShot, Sony da Cyber-shot, Nikon da Coolpix. Kasuwarta ta kai ƙololuwa a wajajen 2010, daga nan wayoyin hannu suka fara kwashe mata masu saye, har Casio, wanda ya fito da QV-10 a 1995, ya bar harkar a 2018. Duk da haka ana samunta, sabuwa da ta hannu, kuma mutane da dama na sayenta don hoton iyali da na biki.

Abin da ke yanke hukunci a kan kyawun hoton fuska shi ne sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar. Yawancin masu araha suna da sensa mai inci 1/2.3, wanda faɗinsa bai fi milimita 6 da ɗoriya ba, tsayinsa kuwa milimita 4.5. Na manyan kyamarorin ƙwararru milimita 36 ne a kan 24. Tazarar tana da girma ƙwarai, kuma yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, da ake rubutawa a jikin kwali ba ya cike ta. Sony W800, alal misali, tana da megafiksel 20, amma an cusa su ne a wurin da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kowane ɗigo hasken da yake samu kaɗan ne. Da rana ba a ganin illar. Da zarar magariba ta yi, ko an shiga ɗaki, sai fuska ta fito yashi-yashi, kyamarar ta yi ƙoƙarin gogewa, ta shafe har da gashin gira da layukan fata, mutum ya koma kamar an shafe shi da kakin zuma.

Wurin da masu saye suka fi cizon yatsa shi ne bayan hoto. Hoton da ake sha'awa, fuska tar, baya kuma ya yi dishi-dishi, yana buƙatar babban sensa da ƙofar haske mai faɗi, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashi. Gilashin W800 idan an zuƙo shi ƙarshe tsayinsa, wato ma'aunin yadda yake zuƙowa, milimita 23 ne kawai na haƙiƙa, ƙofarsa kuma ta tsuke zuwa f/6.4, don haka bango da igiyar shanya da ke bayan mutum duk za su fito ras kamar fuskarsa. Dabara ɗaya ce ke ɗan taimakawa: a nisanta mutumin da bango sosai, a zuƙo gilashin, a cika hoton da kai da kafaɗa. Wayoyi, irin su iPhone 7 Plus ta 2016, da lissafin manhaja suke ƙirƙirar wannan dusashewar, shi ya sa wani lokaci gefen ɗankwali ko kunne ke narkewa cikin baya.

Inda kyamarar aljihu ta fi yawancin wayoyi masu araha shi ne zuƙowa ta gilashi. Hoton fuska ya fi kyau daga nesa kaɗan, a tsayin gilashin da ya yi daidai da milimita 85 zuwa 135 a ma'aunin manyan kyamarori. Idan aka matso dab da mutum da gilashi a buɗe, hanci kan ƙara girma, kunnuwa su ja baya. Taku uku ko huɗu baya tare da zuƙowa ya isa ya mayar da fuska kamanninta.

Filasha kuwa a yi hattara da ita. Tana dab da gilashi, shi ya sa take sa ido ja, goshi ya yi ƙyalli, inuwa mai kauri ta manne a bango. Amfaninta na gaskiya da rana tsaka ne, lokacin da hula ko rawani suka jefa inuwa a kan ido. Akwai kuma matsalar awon haske, wadda masu duhun fata suka fi sani: kyamara tana auna hoton gaba ɗaya ta nemi matsakaici, to idan mutum ya sa farar shadda a rana, sai ta rage haske don rigar, fuska ta duhunta. Maɓallin da ke ɗauke da alamar +/- yana gyara wannan, haka ma komawa inuwar zaure ko gefen taga, inda haske yake da laushi.

Mai ɗan ƙarin kuɗi gara ya nemi mai sensa inci 1, ko da ta hannu ce. Sony RX100 ta 2012 da Canon G7 X ta 2014 suna cikin wannan rukuni. Sensarsu ya ninka na masu araha kusan sau huɗu, ƙofar haskensu kuma tana buɗewa har f/1.8, don haka suna iya ɗaukar fuska a cikin ɗaki ba tare da filasha ba.