Kwatancen Adabi: Kalmar da Aka Mayar Filin Dambe

Kwanakin nan duk tashar da ka murɗa, ko ka leƙa Facebook, sai ka ji wani ya ce yau zai yi "kwatancen adabi". Ka gyara zama, sai ka tarar ashe dambe aka shirya: wannan mawaƙi da wancan, wa ya fi zalaƙa, wa ya fi iya zambo. Can a ƙarshe a ɗaga hannun ɗaya, magoya baya su hau zagin juna. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sunan wani fannin ilimi ne mai tarihinsa, har da ƙungiyarsa ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ICLA. An kafa ta a Oxford ta Ingila a 1954, ta yi babban taronta na farko a Venis ta Italiya a 1955, kuma kusan duk shekara uku take sake taruwa.

Sunan kansa aro ne, daga masu fiɗar dabbobi aka samo shi. A shekarar 1800 wani masani Bafaranshe, Georges Cuvier, ya fara wallafa darussansa kan kwatanta ƙirar jikin dabbobi. Kalmar "kwatance" ta zama yayi a Faransa, kowane fanni yana son ya liƙa ta a sunansa, har a 1816 aka gan ta a bangon wani littafin adabi na makaranta. To, mai wancan ilimi idan ya jera ƙashin fiffiken jemage da na hannun mutum da na ƙafar doki ta gaba, ba ruwansa da wanda ya fi kyau. So yake ya gane yadda ƙira ɗaya ta zama abin tashi a nan, abin gudu a can. Haka ma masanin kwatancen adabi, sai dai shi labari yake bi, daga harshe zuwa harshe.

Ɗauki Kalila wa Dimna. Asalinsa Indiya, da harshen Sanskirit, labarin wasu diloli biyu a fadar zaki. A ƙarni na 6 wani likita mai suna Burzuya ya kai shi Farisa a zamanin Kisra Anushirwan. Wajen 750 Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci, daga nan ya shiga Sifaniyanci a 1251, kuma a 1678 La Fontaine na Faransa ya faɗa da bakinsa cewa da yawa daga tatsuniyoyinsa daga wannan rijiya ya ɗebo. A kowane zango labarin sai ya tuɓe wata riga ya sa wata. Me aka cire, me aka ƙara, don tsoron wane sarki ko don jin daɗin waɗanne masu sauraro? Aikin ke nan.

Nan ne ruɗani na biyu yake shigowa, wanda ya fi na farko ban haushi. Da mutum ya gano labarai biyu sun yi kama, sai ya yi ihu, "An kama ɓarawo!" Kowa ya san Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Gabas da Yamma. Amma wanda ya tsaya a nan bai ce komai ba tukuna, sai ya nuna mana yadda baƙon labari ya sha ruwan ƙasar Hausa har ya manta hanyar gida.

Kada ma a ce mu kaɗai ke da wannan ciwo. A taron ƙungiyar na biyu, a Chapel Hill ta Amurka a 1958, René Wellek ya caccaki 'yan'uwansa masana cewa sun mayar da fannin kamar littafin bashi, kowa yana lissafin abin da ƙasarsa ta ba wasu don ya yi tinƙaho. Ita ma ƙungiyar, a ganina, ta daɗe tana kallon duniya ta tagar Turai. Faransanci da Ingilishi ne harsunan aikinta, babban jerin littattafanta na tarihi kuwa kan adabin harsunan Turai ne.

Alhali ga aiki a ƙofar gidanmu. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ɗan'uwanta Isa kuma ya mayar da wasu waƙoƙin daga Fulatanci zuwa Hausa. Me ya sauya a baiti lokacin da ya tsallaka? Ban taɓa jin an buɗe layin waya a rediyo kan wannan ba.