Ƙanƙantar Singafo ba rauni ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa ƙaramar ƙasar tsibiri ba ta iya kare kanta, sai dai ta raɓe da manya. A Singafo ba haka abin yake ba. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba, amma tun 1967 kowane namiji ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana yin hidimar dole, galibi a soja. Yanzu shekara biyu ce, daga nan ya koma sojan ko-ta-kwana. Ga jiragen yaƙi F-15 da F-16, ga jiragen ƙarƙashin teku ƙirar Jamus.

Inda gizo ke saƙar shi ne fili. Babu wurin ja da baya, ko na atisaye bai isa ba, shi ya sa matuƙan jiragen yaƙinta ke horo a Amurka, Faransa da Ostireliya. A 2016 har fitilun titin mota na Lim Chu Kang da ke Singafo aka cire don atisaye, jiragen yaƙi suka sauka a kan kwalta.