Ma'anar Fardu Kifaya: Wajibin da Yake Wuyan Al'umma

Fardu kifaya kalma ce ta malaman fiƙihu wadda yawancin Musulmi suka fara jin ta a wajen karatun hukuncin jana'iza, kuma da yawa a nan saninsu da ita ya tsaya. Abin da ake nufi da ita shi ne aikin da shari'a ta ɗora wa al'umma baki ɗaya ba tare da ta ayyana wanda zai yi shi ba. Idan waɗansu suka tashi suka yi shi har buƙata ta biya, nauyin ya sauka daga wuyan sauran. Idan kuwa aka bar shi, to laifin yana kan duk wanda ya san da buƙatar kuma yake da ikon yin wani abu a kai. Abokin rabonsa shi ne fardu aini, wato wajibin da yake kan kowane baligi mai hankali a karan kansa, kamar salloli biyar da azumin Ramadan.

Malamin Malikiyya Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan Hijira, ya fito da bambancin da yake tsakanin wajiban biyu ta hanya mai sauƙin riƙewa. A wurinsa, fardu aini aiki ne da amfaninsa yake maimaituwa duk lokacin da aka maimaita shi, domin ƙanƙan da kai da mutum yake samu a cikin sallarsa ba ya samuwa da sallar maƙwabcinsa. Fardu kifaya kuwa abin da ake nema a cikinsa shi ne aukuwar aikin, ko ta hannun wa ya auku. Ya buga misali da ceton wanda ruwa yake shirin cinyewa: da zarar mutum ɗaya ya faɗa ya tsamo shi, wanda ya shiga ruwan bayan haka bai ƙara komai ba. Amma kafin a tsamo shi, duk wanda yake tsaye a bakin gaɓa ana binsa bashin wannan rai, wanda ya iya iyo ya shiga, wanda yake da igiya ya jefa, wanda ba shi da komai sai murya ya yi kururuwa ya kira masu iyawa.

Asalin hukuncin yana cikin Alƙur'ani. A aya ta 122 ta Suratut Tauba, Allah Ya bayyana cewa bai kamata muminai su fita gaba ɗayansu ba, sai dai a samu wata ƙungiya daga kowane ɓangare ta nemi fahimtar addini domin ta gargaɗi mutanenta. A aya ta 104 ta Suratu Ali Imrana kuma an yi umarni da a samu wata jama'a daga cikin al'umma mai kira zuwa ga alheri, mai umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204, ya tattauna wannan nau'in wajibi a littafinsa Arrisala, inda ya kawo sallar jana'iza da amsa sallama a cikin misalansa. Malaman da suka biyo baya sun ƙara da alƙalanci, da fatawa, da ba da shaida, da ciyar da mayunwaci, da ɗaukar jaririn da aka tsinta a yashe.

Inda kuskure ya fi yawa shi ne a fahimtar sharaɗin da yake sauke nauyin. Mutane suna riƙe rabin farko na ma'anar, cewa idan wasu sun yi ya faɗi a kan sauran, sai su mayar da shi uzurin zama, kowa yana cewa ai wani zai yi. Alhali kifaya isuwa take nufi, kuma wajibin ba ya sauka don kawai wani ya taɓa aikin, sai in abin da aka yi ya wadatar. Garin da yake da likita ɗaya tilo, marasa lafiya suna kwana a layi wasu suna cikawa kafin a zo kansu, ba za a ce ya sauke wajibin samar da masu magani ba. Haka ma unguwar da mutum biyu kaɗai suka san yadda ake wanke mamaci da yi masa sutura, kuma dukansu sun manyanta, tana dab da shiga laifi ko da yau ba a rasa mai wankan ba, domin koyar da waɗanda za su gaje su yana cikin wajibin.

Wanda ya fi kowa buɗe wannan babi a ganina shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505. A farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, wajen bayanin ilimi, ya lissafa likitanci da lissafi a cikin fardu kifaya, na farko saboda lafiyar jiki, na biyu saboda ciniki da rabon gado da wasiyya, sannan ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki da ƙaho da tafiyar da mulki. Ya kuma koka da halin zamaninsa, cewa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi ko ɗaya, amma ɗalibai suna ta tururuwa zuwa ga saɓanin fiƙihu da jayayya, alhali garin cike yake da masu ba da fatawa. Bai ɓoye dalilin da ya gani ba: likitanci ba ya kai mutum ga riƙon wakafi da dukiyar marayu da kujerar alƙali. Wannan magana ta fito ne daga bakin babban malamin fiƙihu, kuma tana da nauyi har yau, domin ta nuna cewa ɗalibin da yake koyon aikin ungozoma ko haɗa magunguna ko samar da ruwan sha, idan ya kyautata niyya, yana sauke wa al'ummarsa farali ne kamar yadda mai koyon hukuncin gado yake saukewa.

Haka abin yake game da talakawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ya fitar da zakka ya gama da haƙƙin dukiyarsa. Ibnu Hazam na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456, ya tafi a kan cewa idan zakka ba ta wadatar ba, wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu, kuma shugaba ya tilasta musu hakan. Har ma ya fayyace gwargwadon: abincin da ba makawa sai da shi, da tufafin sanyi da na zafi, da matsugunin da zai kare su daga ruwan sama da rana da idon masu wucewa. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya addabi Madina da kewayenta, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, aka aiko da abinci daga yankunan da suke da wadata, shi kuwa ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai da jama'a suka samu sauƙi.

To, wanda ba likita ba ne, ba mawadaci ba, ba kuma shugaba ba, ina rabonsa? Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790, ya amsa wannan a littafinsa Almuwafaƙat. Ya ce wanda yake da ƙwarewar aikin an neme shi da ya yi shi da kansa, wanda ba shi da ita kuma an neme shi da ya tsayar da mai iyawar, ya ƙarfafa shi, ya matsa masa har ya yi. Saboda haka uban da ya saki 'yarsa ta yi karatun jinya, da wanda ya taimaka da kuɗin makarantarta, da wanda ya tunatar da hukuma cewa asibiti ba shi da ma'aikata, duk sun sa hannu a wajibi ɗaya.

Akwai kuma halin da fardu kifaya yake rikiɗa ya koma fardu aini a kan mutum guda. Hakan yana faruwa idan babu mai iya aikin sai shi, ko babu wanda ya san da buƙatar sai shi, ko shugaba ya ayyana shi. Direban da ya iske wanda hatsari ya rutsa da shi a kan hanyar da ba kowa, jini yana zuba, ba shi da damar cewa wani zai zo, kamar yadda shaidan da haƙƙin maraya zai salwanta idan ya yi shiru ba shi da damar yin shirun.

Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya fi falala a cikin wajiban biyu. Imamul Haramaini Aljuwaini, malamin Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 478, ya fifita mai tsayuwa da fardu kifaya, da hujjar cewa mai fardu aini kansa kaɗai ya kuɓutar, shi kuwa wancan ya ɗauke laifi daga al'umma duka. Wasu malaman sun fifita fardu aini saboda tsananin da shari'a ta yi a kansa, tunda ta neme shi daga kowa da kowa. Sai dai ba su saɓa ba a kan cewa hidimar jama'a ba ta zama uzurin barin salla ko tozarta haƙƙin iyaye da iyali, in ban da inda lalura ta matsa, kamar mai sallar da ya ga makaho yana dosar rijiya, wanda wajibi ne ya yanke sallarsa ya tare shi, sannan ya dawo ya sake ta.